Daga Zariya zuwa bakin teku: yadda ake tattara katantanwa da ƙaguwa, da yadda ake gane su

Tambaya

Wata uwa daga Tudun Wada, Zariya, ta aiko da wannan: "A hutun Disamba za mu je Legas wajen 'yan'uwa a Agege, da yara uku. Babbar tana aji ɗaya a babbar sakandare, malamin bayoloji ya ce duk wanda ya sami zuwa bakin teku ya kawo samfurin ƙananan halittu marasa ƙashin baya, irin su katantanwa da ƙaguwa. Babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinmu. Me za mu tanada, ina za mu duba, yaya za mu gane abin da muka tsinta, kuma yaya za mu kawo su Zariya ba su yi wari ba?"

Amsa

Hajiya, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Disamba lokaci ne mai kyau, domin daga Nuwamba zuwa Fabrairu tekun Legas ya fi lafawa, saɓanin tsakiyar damina da igiya ke haukacewa. Amma lafawar ba izinin shiga ba ce. Gaɓar Legas tana da gangara, kuma akwai wuraren da ruwan da igiya ta kawo yake komawa ciki ta siririyar hanya, da ƙarfin da ke janye ƙato ma balle yaro. Wanda ya iya iyo a Kubanni ko Galma bai san wannan ruwan ba. Duk aikin da zan bayyana a kan yashi ake yin sa, ko a ruwan da bai wuce idon sawu ba, kuma babba ɗaya ya tsaya yana fuskantar teku, ba ya tsintar komai, aikinsa kallon igiya da ƙirga yara.

Abin da ke sa a dawo da jaka cike ko a dawo hannu rabbana shi ne lokaci. Teku yana cikowa sau biyu yana janyewa sau biyu kusan kowace rana. Tsakanin cikowa da cikowa awa 12 ne da minti 25, shi ya sa sa'ar take matsawa gaba da kimanin minti 50 kullum: in yau ruwa ya gama janyewa ƙarfe tara na safe, gobe sai wajen goma saura minti goma. Wata ne ke jan ruwan, rana na taya shi, don haka lissafin watan Musulunci ya fi kalandar boko amfani a nan. A kwanakin tsayuwar wata, da kuma 14 zuwa 16 ga wata, ruwa yana cikowa sosai yana janyewa sosai, ya bar fili mai faɗi a buɗe. A wajen 7 da 8 ga wata, da 22 da 23, motsin kaɗan ne. A Legas bambancin cika da janyewa bai wuce kimanin mita ɗaya ba, yana ƙaruwa ne in an yi gabas har ya kusa mita uku a wajen Kalaba. Tun da ratar Legas ƙarama ce, kuskuren awa biyu ya isa ya ɓata fitar. Ki sa a nemo jadawalin cikowar teku na Legas a waya, a zaɓi ranar da janyewa ta faɗo da safe, ku isa awa ɗaya da rabi kafin sa'ar. Ku bi ruwa yana ja baya, da ya juyo ku kwashe kaya ku hau sama. Daga Agege zuwa Lekki ko Badagry cunkoson motoci ba abin wasa ba ne, sai a fito da an idar da sallar asuba. Sammakon yana da wata riba: masu shara da 'yan yawon shaƙatawa ba su riga sun tattake abin da teku ya ajiye da dare ba.

Gaɓar Najeriya ta kai kimanin kilomita 850, kuma kusan dukkanta yashi ne da laka. Dutse na asali a bakin ruwa sai an je irin su Elmina a Gana. Duwatsun da za ku gani a Legas jibge su aka yi: dogayen katangun da aka gina a bakin mashigar tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20, waɗanda suka kare Tarkwa Bay, wata gaɓar yashi da ke bakin mashigar, daga igiya, da waɗanda aka jera a gaɓar Lekki don rage zaizaya. A ganina Tarkwa Bay ta fi dacewa da yara, ruwanta a kwance yake, ga yashi ga dutse a wuri guda. Sai dai da kwalekwale mai inji ake zuwa, kada kowa ya hau ba rigar kariya, kuma a tsaya ta gefen duwatsun da ke kallon cikin lungu, gefen da ke kallon buɗaɗɗen teku santsi gare shi da igiya. Lakar bakin tafkin Legas da dazukan mangurob, itatuwan da ke tsirowa a lakar ruwan gishiri, tana da halittu masu yawa, amma ban ba ki shawarar shiga da yara ba, ƙafa na nutsewa kuma ruwan ba shi da tsabta. Abin da ke can ana samun sa a kasuwar kifi ta Epe ko Oyingbo da ɗan kuɗi kaɗan. In za ku sayi dodon koɗin miya, ku nemi wanda ba a sare wa tsini ba, domin masu sayarwa sukan datse ƙarshen don a ji daɗin zuƙo naman, kuma katantanwa mai gundulallen tsini ta rasa rabin kamanninta.

Kayan aiki ba su da tsada, yawancinsu suna kicin. Bokitin roba ɗaya, da farar roba mai faɗi mara zurfi, fara domin ƙaramar halitta ta fi fitowa a kan fari. Rariya mai idon milimita ɗaya zuwa biyu, ƙaramin shebur, hantsaki, tsohon buroshin haƙori, rula, gilashin ƙara girma mai ninki goma, ledoji masu zik, kwalayen ashana da auduga don masu saurin karyewa, safar hannu, tocila, da fensir da takarda mai kauri. Fensir nake nufi, ba biro ba: tawadar biro tana narkewa a ruwa da sipirit. Kowa ya sa kambas mai rufe yatsu, a bar silifas a gida, domin abin da teku ke turowa ya haɗa da kwalba da allura da ƙugiya.

Ku fara da layin tarkacen da cikowar dare ta bari a kan yashi. Za ku gan shi a miƙe, ciyawar teku da ɓawo da robobi. Ku bi shi a hankali, ana juya abu da sanda kafin a sa hannu. Tun 2011 wata ciyawa mai ruwan ƙasa, Sargassum, mai ƙananan ƙwallaye cike da iska, take taruwa a gaɓar Afirka ta Yamma. In kun sami ɗanya, ku girgiza dunƙule guda a farar robar da ruwan teku, ƙananan jatan lande da 'yan ƙaguwa za su faɗo. Ku duba jikin tsohon silifas ko katako da ya daɗe yana yawo a ruwa, sau da yawa akwai fararen ɓawo masu lebur a rataye da ɗan wuya mai taushi. Sunansu Lepas. Daga nan ku sauko inda igiya ke lasa tana komawa, a ɗebi yashi zurfin santimita biyar zuwa goma a zuba a rariya, a bar ruwa ya wanke. Abin da ya fi saura a ciki shi ne Donax, mai ɓawo biyu, gefe ɗaya dogo ɗaya a datse, yawanci santimita biyu zuwa huɗu. A ɗora shi a jiƙaƙƙen yashi yara su ga yadda yake fito da ƙafa ya binne kansa cikin daƙiƙa kaɗan. Ramukan da ke can sama a busasshen yashi na ƙaguwa ne mai kalar yashi da gudun tsiya, Ocypode. Kada ku wahalar da kanku da tono, ramin na iya kusan mita ɗaya. Bayan magariba suke fitowa, tocila ta isa. In kun ga ɗan gashi a tsaye a ƙarshen idonta, Ocypode cursor ce.

Kafin komai ya shiga jaka, a tabbatar babu kowa a ciki. Wannan shi ne maganin warin da kike tsoro, kuma shi ne adalci ga halittar. A leƙa bakin katantanwa: in akwai murfi a rufe, mai gida yana ciki. In babu murfi ma kada a yarda, domin akwai wata ƙaguwa mai taushin ciki da ba ta da ɓawon kanta, tana shiga katantanwar da mai ita ya mutu ta zauna, ta kuma iya janyewa can ciki inda ido ba ya kaiwa. A ajiye katantanwar cikin ruwan teku mara zurfi a inuwa, a janye hannu minti biyar zuwa goma. In da ita, za ta miƙo ƙafafu ta fara tafiya. Mai ɓawo biyu da ya rufe gam shi ma da ransa. Masu rai a kalle su, a ɗauki hoto, a mayar da su inda aka ɗauko. Ruwan roba a canza shi duk bayan minti 15 zuwa 20, saboda in ya yi ɗumi iskar da suke shaƙa a cikinsa tana ƙarewa. Kada a zuba musu ruwan leda ko na famfo: litar ruwan teku tana da gishiri kimanin giram 35, jikinsu ya daidaita da shi, ruwan daɗi yana shiga jikinsu ya kumbura su. Dutsen da aka juya a mayar da shi yadda yake, in ba haka ba na ƙarƙashinsa rana ta kashe su. Yara za su roƙe ki a taho da ƙaguwa a bokiti su yi kiwo a Zariya. Kada ki yarda, ba za ta kai Ilori ba, kuma gishirin miya a ruwan rijiya ba ya zama ruwan teku.

Hoto kuwa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan rula ake so a gefen kowane abu. Katantanwa a ɗauke ta baya, da baki, da gefe. Ƙaguwa a ɗauke ta sama, da ƙasa, da fuska, da babban hannu. Hoton baya kaɗai shi ne kuskuren da aka fi yi, alhali alamomin ganewa suna baki da ciki.

Yanzu ganewa. Kada a fara da launi. Rana da yashi suna koɗar da ɓawo, kuma jinsi ɗaya yakan zo da kala uku ko huɗu. A fara da ginin jiki. Abin da ke da ƙafafu masu gaɓoɓi da tauri a waje dangin ƙaguwa da jatan lande ne. Mai ɓawo ɗaya a murɗe, ko a kife kamar malfa, dangin dodon koɗi ne. Mai ɓawo biyu da maɗauri a tsakani dangin makankari ne, irin wanda ake samu a kogunanmu. Wanda zanen jikinsa ya kasu biyar daga tsakiya dangin tauraron teku da bushiyar teku ne. Mai taushi da haske kamar ruwa ya daskare, wannan ba a taɓa shi, zan zo kansa. In 'yarki ta iya raba abin da ta tsinta gida biyar ɗin nan ba kuskure, ta yi rabin aikin.

Katantanwa mai murɗi a riƙe ta tsini sama, baki yana kallon mai riƙewa. Kusan duk na teku bakinsu ta dama yake. Sai a duba tsawon tsini a kan tsawon baki, a duba ko ƙasan bakin zagaye yake ko yana da kwararo, a shafa a ji ko santsi ne ko ƙuraje ko ƙaya. Doguwa mai tsini, mai hawa da yawa, baƙa ko ruwan ƙasa, mai ƙuraje ko ƙayoyi a jere, ita ce Tympanotonos fuscatus, ta miyar mutanen Kalaba da Fatakwal, kuma a laka take zama. Mai kauri, mai toka-toka a waje, cikin bakinta ja ko ruwan lemo, a jikin dutse, Stramonita haemastoma ce, mafarauciya ce mai cin 'yan'uwanta. Ƙarama baƙa dunƙulalliya, bakinta fari mai siffar rabin da'ira, Nerita senegalensis. Mai santsi da sheƙi, doguwa, bakinta siriri ya kusa tsawon jiki, Agaronia. Babba mara kauri, mai wawakeken baki, tsininta a dakushe, da 'yan ninki a ginshiƙin ciki, Cymbium ce, ta fi zuwa a komar masunta, sai a tambaye su. Masu kifewa a dutse iri biyu za ku fi gani: mai huda a ƙoli Fissurella, mara huda mai ɗan kwari ta gefe ɗaya a ciki Siphonaria. Kada a ɓamɓare masu rai daga dutse, a nemi ɓawon da ya faɗo. In kun ci karo da ɓawon wuri, ku sani ba irin wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi ba ne. Wurin kuɗi daga tekun Indiya aka riƙa kawo shi, daga tsibiran Maldibs da gaɓar Zanzibar. Na gaɓarmu jinsinsa dabam ne. Fararen da masu tebur ke sayarwa a bakin teku ma yawanci baƙi ne, don haka abin da aka saya kada a rubuta masa cewa an tsince shi a Legas.

Mai ɓawo biyu a cikinsa ake karanta shi. A duba maɗaurin: in haƙora ne ƙanana da yawa a jere a layi, ga ɓawo mai nauyi da kauri, da faffaɗan haƙarƙari kaɗan da baƙar fata a waje, Senilia senilis ce, wadda jininta ja ne, abin da ba a cika samu a masu ɓawo biyu ba. A duba tabon tsoka: ɗaya babba a tsakiya, ga ɓawo mara tsari, kawa ce, Crassostrea tulipa, mai maƙalewa a saiwar mangurob. Yawancin sauran tabo biyu gare su. Donax cikin leɓensa yana da ƙananan tsaga da farce ke ji. Wanda yara suka fi so shi ne Cardium costatum, fari tas, babba, mara kauri, mai haƙarƙari masu tsayi da kaifi. Yana saurin karyewa, shi ne na auduga. In an sami ɓawo biyu har yanzu a haɗe, kada a raba su, a ɗaure da zare, sun fi guda goma warwatsattsu daraja.

Hudar da ke jikin ɓawo ma labari ce. Huda guda zagayayya mai faɗin baki a waje da ƙunci a ciki aikin dodon koɗin yashi ne na dangin Natica, ya huda ya cinye mai gidan. In gefen hudar a miƙe yake, irin su Stramonita ne. In ƙananan huda ne barkatai ko'ina, soson teku ne ya ci ɓawon. Fararen bututu masu lanƙwasa da ke manne a kai gidan tsutsa ne. Irin wannan ɓawon da yara ke jefarwa don ya yi muni shi ne malamin bayoloji zai fi jin daɗin gani.

Ƙaguwa ƙafa goma gare ta har da hannuwa biyu masu cizo. A juya ta: in faifan cikinta siriri ne namiji ne, in mai faɗi ne mace, in kuma akwai dunƙulen ƙwai a ƙarƙashinsa a sake ta nan take. Wadda ƙafafunta na baya suka yi lebur don iyo, da tsini a kowane gefen ɓawo, Callinectes ce, ta kasuwa. Wanda hannunsa ɗaya ya yi girman da ya wuce kima, a bakin laka, namijin Afruca tangeri ne, macensa hannuwanta duka ƙanana ne. Abin da ya fi dacewa a kawo gida shi ne saɓar ƙaguwa, domin tana tuɓe ɓawonta in za ta girma. Saɓa ba ta da nauyi, ba ta wari, idanunta fayau suke, kuma tana buɗewa ta baya inda mai ita ta fita. Mushe kuwa nauyi da wari ke tona shi. Fararen ƙusoshin da suka lulluɓe duwatsu, masu ƙaramar ƙofa a sama, da Lepas ɗin da na ambata, kowa yana ɗaukar su dangin katantanwa, alhali dangin ƙaguwa ne, ƙafafunsu suke miƙowa su tace abinci in ruwa ya rufe su.

Akwai abubuwa uku da kan rikita mai koyo. Farin faifai mai lebur, mai zanen fure mai ganye biyar a sama, gefensa ɗaya da yatsu-yatsu, Heliophora ne ko Rotula, dangin bushiyar teku, kuma a gaɓar yammacin Afirka ake samun su. In yana da duhu da gajeren gashi mai motsi, yana da rai. Fari mara nauyi mai siffar kwalekwale, da farce ke iya kankarewa, ƙashin cikin Sepia ne, wata halittar teku mai taushin jiki da hannuwa da yawa. Ƙaramin farin murɗi na santimita biyu zuwa uku, wanda hawansa ba sa taɓa juna kuma cikinsa ɗaki-ɗaki ne, Spirula ne, shi ma a cikin jikin mai shi yake zama.

Wanda za ki fi gargaɗin yara a kansa shi ne Physalia. Kamar balan-balan yake, shuɗi ko ruwan hoda, yana sheƙi a kan yashi, da dogayen zare a bayansa, kuma kyansa ne ke jan yaro. Yana harbi ko bayan ya mutu ya bushe. In ya taɓa wani, a cire zaren da hantsaki ko da safar hannu, a wanke da ruwan teku, kada a murza da yashi ko tawul, kada a fara da ruwan daɗi mai sanyi domin yana sa sauran ƙwayoyin dafin su fashe. Sannan a tsoma wurin a ruwan zafi wanda babba zai iya jurewa, wajen digiri 45, na minti 20. In numfashi ya yi wuya, ko fuska ta kumbura, ko harbin ya kama wuri mai faɗi, asibiti kai tsaye. Ƙayar bushiyar teku tana karyewa a cikin fata, ruwan zafi da hantsaki ne maganin ta waje, wadda ta shige gaɓa ta likita ce. Katantanwa mai siffar mazurari, dangin Conus, tana da dafi, mai rai ba a riƙe ta a hannu ba a sa ta a aljihu. In ɓawon kawa ya yanki mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta nan take. Mai ciwon suga ko ciwon hanta, da duk mai buɗaɗɗen rauni, kada ya taka ruwan, akwai ƙwayar cuta ta Vibrio da ke shiga ta rauni ta yi ɓarna da sauri.

Lakabi a bakin teku ake rubuta shi, ba a Zariya ba. Kowace leda da takardarta a ciki: sunan wuri, kwanan wata, yashi ne ko dutse ko kasuwa, ruwa ya janye ko ya ciko, sunan wanda ya tsinta. Kayan wuri biyu kada su haɗu a leda ɗaya. Bayan mako guda babu wanda zai tuna wanne ne na Badagry wanne ne na Tarkwa Bay, kuma samfurin da ba a san inda ya fito ba ya zama kayan ado kawai.

Da kun koma masauki a jiƙa ɓawon a ruwan famfo kwana ɗaya, ana canza ruwan sau biyu ko uku, don gishiri ya fita. Gishirin da ya saura yana jan laima. Masu kauri a sa su a ruwan bilic, kashi ɗaya bilic kashi tara ruwa, rabin awa zuwa awa ɗaya, a goge da buroshi, a ɗauraye sosai. Masu sheƙi irin wuri da Agaronia ba a sa musu bilic, yana dusashe su, sabulu ya isa. Bilic yana kuma cinye baƙar fatar Senilia, sai a bar guda ba a taɓa ba. Ruwan khal da lemon tsami kada su kusanci ɓawo, sinadarin alli ne, tsami narkar da shi yake yi. Wanda aka saya a kasuwa da nama a ciki a ɗora shi a ruwan sanyi a kan wuta, in ya tafasa minti biyar a sauke a bar shi ya huce da kansa, a zaro naman da allura ana juyawa, a wanke murfin a ajiye shi tare da katantanwarsa. Jefa shi cikin tafasasshen ruwa kai tsaye yana tsaga sheƙin. In wari ya ƙi fita, guntun nama ne ya maƙale a tsini, a sake jiƙawa ana girgizawa. A shanya a inuwa kwana biyu, baki yana kallon ƙasa. Faifan Heliophora in ya bushe a shafa masa farin gam na katako da aka sirka da ruwa rabi da rabi, gefe ɗaya ya bushe sannan ɗayan. Saɓar ƙaguwa a ɗauraye ta, a daidaita ƙafafun a kan kwali tun tana da laushi, a kafe su da fil a gefe, ta bushe kwana uku zuwa biyar nesa da tururuwa.

In malamin ya nace a kan samfuri mai nama, a sayi jatan lande ko ƙaguwa a kasuwa a sa a sipirit mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari. In na kashi 95 aka samu, mililita 75 na sipirit da 25 na ruwa sun ba da abin da ake so. Yawan sipirit ya ninka girman samfurin sau goma, a canza shi bayan kwana ɗaya ko biyu saboda ruwan jikin dabbar ya sirka na farko. Ƙaguwa mai rai in aka jefa ta ciki sai ta zubar da ƙafafunta, a fara sa ta a ƙanƙara har ta daina motsi. Fomalin ba kayan gida ba ne, guba ne, a bar wa ɗakin gwaji. Sipirit yana kama wuta, ba a hawa jirgin sama da shi, a mota kuma a ɗaure murfin da salatif a sa kwalbar a leda biyu a tsaye. Busassun kaya su shiga robar abinci mai murfi, masu nauyi a ƙasa, masu auduga a sama, kuma abin da bai gama bushewa ba kada a rufe shi a leda ya yi yini a but.

A Zariya hunturu ne zai tarbe ku. Yana gama busar da komai, amma yana tsattsage fatar ɓawo, sai a shafa ɗigon man jarirai da auduga a goge. Man gyaɗa da manja suna lalacewa su kira kyankyaso. Matsalar damina dabam ce: in aka ajiye ɓawo a akwatin katako ko kwali, laimar Agusta ta haɗu da tururin tsamin da itace ke fitarwa, sai wani farin gari ya fito a jikinsa, sheƙin ya tafi ba dawowa. Roba mai murfi ta fi, da ƙwayar kafur guda saboda saɓar ƙaguwa, a ɗora inda ƙananan yara ba sa kaiwa.

Yara in sun ɗanɗana wannan aiki za su so su ci gaba a bakin dam da fadamun gida. Nan sai an kula, domin dodon koɗin ruwan daɗi na dangin Bulinus, ƙarami mai baki ta hagu, shi ke ɗauke da tsutsar tsargiya, kuma ta fata take shiga in an tsaya a ruwan. Na teku ba sa ɗaukar ta. A gida sai da dogon takalmin roba da safar hannu da hantsaki.

Don tabbatar da suna, a ɗora hotunan a manhajar iNaturalist tare da wurin da aka ɗauka, amma sunan farko da na'urar ta bayar kada a karɓe shi sai wani masani ya amince, domin takan ba da sunan jinsin Turai ko Amurka mai kama da namu. Sashen nazarin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, malamin makarantar zai iya neman a duba musu. Inda aka tabbatar da dangi ba a tabbatar da jinsi ba, a rubuta sunan farko kaɗai a ƙara sp. a bayansa, misali Donax sp., haka masana ma suke yi. Iri 15 zuwa 20, kowanne guda biyu ko uku da lambarsa da lakabinsa, da hotunan masu rai da aka mayar, sun ishi aikin aji ɗaya. A rubuta lambar da fensir a cikin ɓawon, a maimaita ta a littafi tare da tsawo da faɗi a milimita.